Shekarar da Na Yi Ta Faɗuwa a Rawar Takai

Kwanan baya jikata Nana, 'yar wajen Sa'adu, ta zo ta zauna kusa da ni tana murza gefen tabarma, na san da magana a bakinta. Sai da ta gama kewaye-kewaye sannan ta ce an sa ta cikin masu rawa a lakwal ɗinsu, wato makarantar boko, amma da ta juya sai ta yi tangaɗi, tana so in ba ta layar nan da aka ce an yi mini a ƙauyen Gaffati. Na yi dariya a gabanta. Bayan ta tafi dariyar ta ƙare, don na gane labarin da ke yawo a cikin gidana ba shi ne abin da ya faru ba. Ku 'ya'yana kun tashi kuna ji a bakin mutane cewa ubanku ya yi farfaɗiya yana saurayi, aka kai shi ƙauye aka ɗinka masa laya ya warke. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku saboda kunya, ni ma ban taɓa buɗe zancen ba. Na kuma san akwai wadda duk ranar da ɗanta ya yi zazzaɓi mai zafi sai gabanta ya faɗi, tana tunanin jinin kakansa ne. To ga yadda aka yi, tun ina da sauran ƙarfin faɗa.

A lokacin ina ɗan shekara ashirin da wani abu, muna zaune a unguwar Birni, cikin garin Zinder. Babana badukku ne, yana ɗinka jakunkuna da kube da matasan kai na fata. Da safe nakan taya shi, da rana kuma ina kantin Alhaji Garba, wani Bakano mai sayar da yadi a unguwar Zango, ina auna masa yadi ina ɗaukar kaya. Amma abin da aka san ni da shi a gari takai ne. Ga wanda bai taɓa gani ba, takai rawar samari ce ta da'ira, kowa da gajeriyar sanda a hannu. Ka buga sandarka da ta na gabanka, ka juya ka buga da ta na bayanka, haka da'irar ke tafiya. Idan kiɗa ya yi zafi, a unguwarmu ba rabin juyi ake yi ba, sai ka kewaya gaba ɗaya ka ƙara rabi kafin sanda ta haɗu da sanda. Wanda ya makara ko ya karkace, sandar abokinsa a hannunsa za ta sauka, ko a fuska. Ni kuwa juyin nan bai taɓa ba ni wahala ba. Ban san yadda nake yin sa ba, kamar yadda mutum bai san yadda yake haɗiyar ruwa ba. A bakin filin takai ne uwarku Falmata ta fara ganina, kuma har an kai gaisuwa gidan mahaifinta Malam Bukar, ana maganar sa rana.

Da daminar da ta gabaci shekarar mulkin kai, kurkunu ya kama ni. Ruwan tabki muke sha a wancan zamani, kuma da wuya gidan da ba a kwantar da wani ba. Ɗaya ya fito mini a saman idon sawu na hagu, kafin a gama da shi wani ya ɓullo kusa da gwiwa. Ana naɗe shi a tsinke, kullum a ja ɗan kaɗan, don in ya tsinke a ciki ƙafa ta lalace. Haka na kwanta tun ana shuka har aka gama yankan gero. Inna ce ke juya ni, ita ke ɗaga ni in zan sha fura. Da sanyi ya shigo na miƙe, miki ya rufe, na koma kanti. Ina tafiya daidai, ina ɗaukar kaya, na ɗauka komai ya wuce.

Ranar ƙaramar salla da la'asar aka kafa takai a filin unguwa. Nomau makaɗi ya fara a hankali, na bi lafiya. Da ya ɗaga kiɗa aka shiga cikakken juyi, na ji ƙasa ta zame daga inda na bar ta. Kaina ya riga ya kai, amma jikina bai biyo ba, ƙafar hagu ta lanƙwashe, na zube a tsakiyar fili. Da faɗuwar na ciji harshena, jini da yawu suka cika mini baki. Ina jin komai, ina ganin kowa, ƙoƙarin tashi kawai nake yi jiri yana mayar da ni. Sai na ji muryar wata tsohuwa daga cikin 'yan kallo.

"Ku ja baya, farfaɗiya ce."

Aka ja baya kuwa. Idi, abokina da ke tsaye bayana a da'ira tun muna yara, shi kaɗai ya sa hannu ya ɗaga ni. Da sau ɗaya abin ya faru, da an manta. Amma na so in wanke kaina, sai na sake shiga rawa a wani biki bayan 'yan makonni, na sake faɗuwa a wuri ɗaya, a juyi ɗaya. Daga nan gari ya gama yanke hukunci. A wancan zamani mutane sun yarda ana ɗaukar ciwon ta yawu da numfashi. Yau mun san ba haka ba ne, kuma ko da ina da shi ba abin kunya ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo. Amma a lokacin maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa gidanmu. A masallaci sai in ga an bar tazara tsakanina da na kusa da ni. Malam Bukar mutumin kirki ne, bai ce ya fasa ba, ya dai aiko a ce a dakata tukuna. Kowa ya san abin da dakatawar ke nufi. Na je asibiti wurin lokotoro, ya duba idona ya ƙwanƙwasa gwiwata ya ce bai ga komai ba, amma babu wanda ya ji wannan magana sai ni, kuma ni kaina ban yarda da ita sosai ba. Inna ta rame fiye da ni. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta faɗin sunana, sai dai in ji tana ce wa ƙannena, ku duba yaron nan ina ya shiga, ko da kewayawa na yi na ɗan daɗe.

Wata safiya Baba ya ajiye basilla ya ce in zauna.

"Na yi magana da Alhaji Garba. Zai tafi Kano kafin ruwa ya sauka, yana neman wanda zai riƙe masa kantinsa na can. Ya ce shi bai damu da surutun mutane ba, zai tafi da kai. Rawa ba sana'a ba ce. Ka bar ta, ka bar garin. A Kano wa ya san ka faɗi?"

"Ni na sani, Baba."

Ya ɗauki basillarsa ya koma ɗinki. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ran nan. Abin da ban iya gaya masa ba shi ne, in na tafi Kano zan tafi da tsoron a cikina, duk inda na tsaya ina jiran ranar da zan zube. Kuma Falmata za ta auri wani, a ce ta tsira.

Ranar Alhamis ta kasuwa Kawu Jibo ya shigo daga Gaffati da jakinsa. Wan Inna ne, manomi, kuma a ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne da aka sani a karkararsu. Inna ta zayyana masa komai tana share hawaye. Ya gama shan ruwa ya kira ni tsakar gida.

"Lawali, ka taɓa faɗuwa kana zaune?"

"A'a, Kawu."

"Kana tafiya fa? Kana salla? Kana barci aka ce ka yi fizge-fizge?"

"Ban taɓa ba."

"Wane irin ciwo ne wannan da bai san kowane wuri ba sai filin rawa? Juya in gani."

Na juya a hankali, ya ce in ƙara sauri. Na yi tangal-tangal na dafe bango. Ya ce in tsaya a ƙafar dama, na ɗan jima. Ya ce in koma ta hagu, ko numfashi biyu ban yi ba na sauke. Sannan ya sa ni na tsaya sosai, ya ɗora yatsu biyu a ƙirjina ya tura kaɗan. Sai ga ni na ja da baya kamar an hankaɗe ni. Ya dunƙule hannu ya danna cikina ƙasa da cibiya, hannun ya nutse.

"Ga ciwonka nan," ya ce wa Inna. "Cikinsa ya zama salka babu ruwa. Mutumin da ya kwanta damina guda, ƙafa takan tashi kafin ƙugu ya tashi. Tafiya ba ta tona wannan, juyi ne ke tonawa. In ya juya, kai ya tafi, kafaɗa ta bi, tsakiya kuwa babu mai riƙe ta. Ga shi kuma yana tausaya wa ƙafar hagu, duk nauyinsa ya koma dama. Ki ba ni shi zuwa tsakiyar damina."

"Yaya, ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Amma na ga 'yan kokawa da yawa da suka tashi daga jinya, haka suke."

Wannan rashin cika baki nasa ne ya sa na yarda. Da Baba ya dawo aka gaya masa, ya ce Alhaji ba zai jira kowa ba, in zaɓa. Na ce Gaffati zan je. Bai yi faɗa ba, bai kuma yi mini sallama ba da zan fita.

A Gaffati babu laya, babu rubutu, babu jiƙo. Rijiya ce da turmi da tulu. Rijiyar garin mai zurfi ce, kuma Kawu ya sa ni jan ruwan gidansa da na dabbobinsa da babban guga. Ya hana ni dogara gwiwa a bakin rijiya, ya hana ni lanƙwasa baya. Sai in buɗe ƙafafu, in ɗaure ciki kamar wanda ke jiran naushi, in ja. Kwanakin farko ko dariya na yi sai haƙarƙarina ya amsa. Da hantsi yakan kife tsohon turmi a gindin gawo ya ce in hau da ƙafa ɗaya, hagu ta fi yawa, shi kuma yana zaune yana tufkar igiya, lokaci-lokaci ya miƙo sanda ya zungure ni a kafaɗa ko a ƙugu. In na faɗo ya ce hau. In na kwanta a tabarma, ba a yarda in tashi da taimakon hannu ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tulu. Yakan cika shi fal ya ɗora mini a ka, ya ce in je bakin danga in juya in dawo, kada ɗigo ya zuba. Matan unguwa suka riƙa leƙowa ta saman danga suna dariya, ɗan birni ya zo koyon ɗaukar ruwa. Wata ta ce in na ƙware za ta ba ni ɗanta in goya. Na jiƙe ba iyaka, na fasa tulu ɗaya. Amma a ƙarƙashin tulun nan ne na fara jin abin da Kawu ke faɗa. Idan na juya da kafaɗa ruwa ya zubo. Idan na fara juyin daga ƙugu, kai da ƙirji da ƙugu suka tafi tare kamar an soke su da sanda ɗaya, ruwa ko motsi ba ya yi.

"Ƙafa ba ta juya mutum," in ji shi. "Ita dai tana karɓar nauyi ne. Mai juyin yana nan tsakanin haƙarƙari da kwatangwalo. Shi ke farawa, shi ke tsayarwa. Tsayarwar ma ta fi wuya. Kuma ka daina kallon ƙasa. Zaɓi reshe ɗaya a gawon nan, ka bar shi a ƙarshe, ka same shi da farko."

Wannan shi ne abin da Nana ke nema, kuma ba ya shiga cikin fata a rataya.

Da la'asar yakan kama ni kokawa, ba don ya koya mini kaye ba, sai don in koyi ƙin faɗuwa. Tsoho ne mai furfura, amma in ya kafe kamar ka rungumi kututture. Ya hana ni gwada juyin takai sam, ya ce in na sake faɗuwa tsoron ne zai zauna mini, shi kuwa ba ya da maganin tsoro. Ruwa ya sauka, muka yi shuka, muka shiga noma. Labari ya iso cewa Alhaji Garba ya tafi Kano da wani yaro ɗan Zango. Na ɗauki hauyata na koma gona. Idi ya zo sau ɗaya a ƙafa, ya kawo mini goro ƙulle a ƙyalle, ya ce daga gidan Malam Bukar ya fito, ba a ce a faɗi wanda ya bayar ba.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, muna gona, gero ya kai gwiwa, Kawu ya jefo mini ƙotar hauya ya ɗauki wata.

"To, bisimilla."

Ya riƙa yin kiɗan da baki, bai ma iya shi sosai ba. Muka buga, na juya rabi, muka buga. Ya ƙara sauri. Da ya ce yanzu, na ɗaure ciki, na saki ƙugu, duniya ta kewaya sau ɗaya, sai ga reshen da na zaɓa yana nan inda na bar shi, ƙotata ta haɗu da tasa da ƙara. Ina tsaye. A kan ƙafar hagu kuma. Muka sake, muka sake, har ya ce ya gaji. Na je na zauna a kan kunyar gona tsakanin gero, na sa fuskata a tafin hannu. Ba kuka nake yi ba sosai, wani abu ne da na riƙe a ƙirji tun ranar salla yake fita. Ashe lafiyata lau. Kawu ya bar ni, ya ci gaba da nomansa.

Na dawo Zinder ana shirin bikin mulkin kai. An ce kowace unguwa ta fito da wasanta a babban fili, gaban kumandan, Baturen mulki, da sababbin shugabanni 'yan ƙasa. Na je wurin Nomau makaɗi na ce zan shiga. Ya sosa ƙeya.

"Lawali, ba don ni ba. Gari duka zai taru. In abin ya zo maka a can, ka gama yawo a garin nan, mu ma an gama da mu. Kuma yaran suna tsoron tsayawa kusa da kai."

"Ni zan tsaya bayansa," in ji Idi. "A nemo na gaba."

Sai ƙanen Nomau ya ce shi zai tsaya.

Ranar an tashi da hadari amma bai zubo ba. Aka ɗaga sabuwar tuta, aka yi jawabai da Faransanci waɗanda yawancinmu ba mu ji ba, 'yan lakwal suka yi waƙa. Mutane na murnar ƙasa, ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, ƙafata ta hagu nake tunani. Da muka shiga fili na ji ƙus-ƙus ya bi taro, na san sunana ake faɗa. Na nemi abin da zan kafa wa ido, na sami sandar tutar. Nomau ya fara. Da aka zo cikakken juyi na farko na wuce shi, na biyu ma haka. Sai na lura Nomau ya ƙura mini ido yana ƙara wuta, fiye da yadda muka saba, kuma ya ƙi saukewa. Daga baya ya gaya mini da gangan ya yi, ya ce in za a kashe magana a kashe ta gaba ɗaya. Samari biyu suka fita da'ira don haki. Rigata ta buɗe tana kewaya ni, sanda na haɗuwa da sanda gaba da baya, cikina a ɗaure, kaina a sake. Da ya buga na ƙarshe na tsaya cak, ko taku ɗaya ban ƙara ba. Mata suka yi guɗa. Na hango Malam Bukar a gefe da carbinsa, mutumin da bai taɓa zuwa kallon rawa ba.

Ba zan ce muku ban yi asara ba. Yaron da Alhaji Garba ya tafi da shi ya zama babban ɗan kasuwa, har ya sayi kamyo nasa, babbar motar ɗaukar kaya. Ni na zauna a rumfar Baba na zama badukku, da basilla da zare na ciyar da ku. Baba ya fi shekara yana yi mini magana iya ta aiki, kuma har ya rasu bai taɓa cewa na yi daidai ba. Tsohuwar maganar ma ba ta mutu duka ba, ta dai sauya kama, aka ce ciwon gaskiya ne amma an yi mini magani. Mutane sun fi son wannan da a ce turmi da tulu ne.

Washegarin bikin, bayan azahar, ƙanen Malam Bukar ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Baba ya fita, suka ɗan jima a zaure. Da ya dawo ya tsaya a tsakar gida, bai dube ni ba, ya ce wa Inna an ce a kawo kayan aure bayan kaka. Inna tana tankaɗe a lokacin. Ta ajiye rariya a hankali, ta ce alhamdu lillahi sau ɗaya, ta jingina da bangon ɗakinta ta miƙe ƙafafu, garin gero har gwiwar hannunta. Kafin mu ankara barci ya ɗauke ta a zaune, matar da ban taɓa gani tana barcin rana ba. Kaji suka zo suna tsattsagar garin da ke faifai, ƙanwata ta kore su. Aka kira la'asar ba ta motsa ba. Ƙanwata ta miƙa hannu za ta taɓa ta, sai Baba ya yi magana daga bakin zaure, buta a hannunsa, da muryar da ban ji ya yi amfani da ita ba tun kafin salla.

"Ku bar ta ta huta."